Yadda Aka Raba Malam da Butar Shayinsa

Yanzu da maigidana ya miƙe har yana iya yi min faɗa a kan inda na ajiye tsintsiya, na ga ya kamata in zauna in rubuta abin da ya same mu, ko wata za ta karanta ta kai nata asibiti da wuri. Ya san ina rubutawa. Sharaɗinsa ɗaya ne, kada in ce ya yi kuka. To, ban ce ba.

Ni malamar firamare ce a Roni. Maigidan nawa, Malam, kuwa malamin gona ne, shekara talatin da wani abu yana zaga ƙauyuka a kan babur yana koya wa mutane tazarar shuka da lokacin zuba taki, har ya yi ritaya. Da ya ajiye aiki sai ya rasa inda zai sa kansa. 'Ya'yanmu duk sun bar gida, gonarsa kuma ba ta nemansa sai da damina. Sai ya kafa majalisa a gindin dalbejiyar ƙofar gidanmu, shi da abokansa huɗu. Babbansu shi ne Malam Buba, wani Bafulatani da suka saba tun lokacin da Malam ke zuwa rugarsu da aiki. Buba ne ke kawo ganyen shayi daga Babura, irin na Nijar ɗin nan da ake dafawa a ƙaramar buta, wanda in ka kurɓi zagayen farko sai ka ji kunnuwanka sun buɗe. Malam ne mai buta. Shi ke hura gawayi, shi ke ɗaga hannu sama ya tsiyaya har kumfa ta cika kofi, ba ya yarda kowa ya taɓa. Da hantsi su dafa, bayan azahar su dafa, bayan la'asar su dafa, kowace dahuwa kuma zagaye uku ce. Tsakanin dahuwa da dahuwa a ci goro.

Abin ya fara da faɗuwar gaba. Yana zaune sai ya dafe ƙirji ya ce gabansa ya faɗi, lallai wani abu ya faru da wani. Sai ya ɗauki waya. Ya kira Ummi, babbar 'yarmu da ke aure a Kano, ya tambaye ta ko lafiya. Ya kira ƙaninta a Dutse. In duk sun ce lafiya lau, sai ya kira yayarsa, Yaya Abu, a Gwiwa. A satin farko akwai ranar da ya kira ta sau uku kafin magariba, kowane kira yana tambayarta yaya jikinta. Matar da ba ta taɓa kwanciya asibiti ba, washegari sai ga ta a kan ɗan acaɓa da ƙullin kayanta, ta ce a faɗa mata gaskiya, me aka gani game da ita ake ɓoye mata.

Bayan faɗuwar gaba sai zafin rai. Malam mutum ne mai sanyi, amma a kwanakin nan ya yi faɗa da zakara, ya yi faɗa da rediyo, ya yi faɗa da ni a kan na ce masa sannu sau biyu. Barcinsa ya ragu, hannunsa ya soma rawa har kofi na ƙara a kan faranti. Da na nuna masa, sai ya ce kasala ce, maganinta kuma a ƙara ganye a buta.

Yaya Abu ita kaɗai ce a duniya ke kiransa da sunansa, Sale, kuma ita kaɗai yake tsoro. Da ta tabbatar ba ita ce za ta mutu ba, sai ta juya kansa. Ta buɗe masa ido da yatsa ta leƙa, ta ce shawara ce ta ɓoye a ciki. Ta jiƙa maɗaci da sabara, ta tsaya a kansa ya shanye kwano guda. Maƙwabta ma kowa ya kawo nasa. Wani ya ce baki ne, tunda an ga ya karɓi kuɗin sallama. Wata ta ce iska ce ya gamu da ita a gindin dalbejiya. Limaminmu, Allah ya saka masa, ya yi masa addu'a ya kuma ce a je a auna jininsa, amma shi ne kaɗai ba a bi shawararsa ba, don ita ce mai buƙatar kuɗin mota. Sati na biyu ya ƙare gidanmu na warin hayaƙi, Malam kuma yana nan yadda yake, sai dai ya ƙara da gudawa.

A sati na uku jiri ya ɗebe shi a kasuwa ya zauna daɓas a cikin tiren mai tumatir. Ranar ban nemi shawarar kowa ba. Na ce gobe sai Kazaure, in ya ƙi kuma zan kira Ummi ta zo da kanta. Ya ce ai dama shi ma ya yi niyya.

Muka fita bayan sallar asuba muna ganin mun yi sammako, muka tarar da mutane kamar a can suka kwana. Layin kati daban, layin awon jini daban, layin ganin likita daban, kowanne kuma sai ka tambayi mutum uku kafin ka gane inda wutsiyarsa take. Mai ba da kati ta buɗe taga, ta kalle mu, ta rufe ta tafi karin kumallo. Amma a nan ne kuma wata mai shara ta ga Malam yana tangaɗi, ta shiga wani ofis ta fito masa da kujera ba tare da ta san mu ba. Har yau ina sa ta a addu'a.

Abin da ban sani ba, Malam ya zo da fulas a aljihun babbar rigarsa. Ina can ina neman inda ake biyan kuɗin gwaji, na dawo na tarar ya kafa majalisa a layi, murfin fulas na zagayawa hannu hannu, wani tsoho daga Yankwashi yana ta sa masa albarka. Da aka zo awon jini, nas ɗin ta ɗaura masa abin a hannu, ta duba, ta kwance, ta ɗaura a ɗaya hannun. Sai ta tashi ta ɗauko wata na'urar. Daga nan ba mu ƙara bin layi ba, ita da kanta ta shigar da mu.

Likitar yarinya ce, ba za ta girmi Ummi ba, Malam ya zauna yana kallonta kamar an haɗa shi da ɗaliba. Ta tambaye shi ko yana shan taba, ya ce Allah ya kiyaye. Goro fa, ya ce ɗan kaɗan. Shayi fa, ya ce kamar kowa. Ni kuma na gyara zama na ce, ranki ya daɗe, kofi tara ne a rana, ban da na baƙi, kuma yanzu haka akwai saura a aljihunsa. Ya juyo ya kalle ni, kallon da ban taɓa gani ba tun aurenmu. Ta sa ya fito da fulas ɗin, ta buɗe ta shinshina, ta mayar da murfin a hankali.

Ta ce, "Baba, hawan jini gare ka, kuma ya daɗe. Zuciyarka ba ta lalace ba tukuna. Jaki ce mai haƙuri, kai kuma kana tsula mata bulala sau tara a rana."

Ta rubuta ƙwayar da zai riƙa sha kullum da safe, ta ce a rage gishiri da sinadarin ɗanɗano, a bar goro, a bar wannan shayin gaba ɗaya. Ya tambaya ko zagaye na uku ma, wanda ya riga ya salance. Ta ce har shi. Maganin babu a asibiti sai a waje muka saya, sakamakon gwajin jini kuma sai da na koma sau biyu kafin a gano inda ya shiga. Ba zan tsaya lissafi ba, tunkiyar da nake kiwo don layya dai ita ta tafi.

Sati na huɗu shi ne mafi wuya, kuma ba ciwon ne ya sa ba. Kwana uku kansa na sarawa saboda rashin shayin, yana kwance da tsumma a goshi yana yi min wasiyya. Da wannan ya wuce sai wani ya zo. Abokansa, don tausayi, suka ce ba za su dafa a gabansa ƙamshi na dukansa ba, suka kwashe majalisar suka mayar ƙofar gidan Buba a bayan gari. Suna ganin alheri suka yi masa. Sai ya zama Malam ya fita da hantsi ya zauna shi kaɗai a gindin dalbejiya, ya dawo ya zauna a zaure, ya shigo ya zauna a tsakar gida. Faɗan ma ya daina. Na ajiye miya ba gishiri ya ci bai ce komai ba. Wannan shirun ya fi tsoratar da ni fiye da faɗuwarsa a kasuwa.

A makaranta akwai abokiyar aikina, Malama Rifkatu, mutuniyar wajen Jos ce, aikin mijinta ya kawo su nan shekaru da yawa. Ta ga na rame ta tambaye ni, na faɗa mata. Washegari ta zo da wani tsiro a tsohon bokitin fenti. Ganyensa kamar na na'a-na'a, sai dai ya fi faɗi da tamoji, in ka murza shi kuma ƙamshin lemun tsami ke tashi. Ta ce daga wajen mahaifiyarta ta kawo irinsa, su suna shansa in rai ya ɓaci ko barci ya ƙi, kuma ba ya sa bugun zuciya. Ta ce ba ta san sunansa da Hausa ba, su dai lemon bam suke ce masa. Na ɗora bokitin a kai na kawo gida. Da na faɗa wa Malam sunan, sai ya ce in koma in tambaye ta bam ɗin da ke fashewa ne ko giyar bam ɗin nan da ake sha a kudu, don ko wanne ne ba zai kwana a gidansa ba. Wannan ce doguwar maganarsa ta farko a cikin kwana biyar, don haka na ɗauke ta a matsayin sauƙi.

Ban ba shi ba sai da muka koma asibiti. Na ƙulle ganye uku a bakin mayafi na nuna wa likitar. Ta murza, ta shinshina, ta duba wani abu a wayarta. Ta tambaya ko yana da ciwon maƙoƙo ko yana shan maganin barci, don ganyen ba ya shiri da waɗannan. Na ce babu. Ta ce to ya sha kofi ɗaya ko biyu a rana. Sannan ta ƙara da cewa, "Amma Mama, wannan shayi ne. Zai iya kwantar masa da hankali, ba zai sauke jini ba. Ƙwayar ce mai wannan aikin." Na ce to. Gaskiya rabin farkon maganar na ɗauko, rabin ƙarshen na bar shi a kan teburinta.

Haɗin farko da na yi, na zuba ganyen a tukunya na ba shi wuta kamar zoɓo. Ƙamshin duk ya bi iska, abin da ya rage kamar ruwan da aka wanke alayyafo. Malam ya kurɓa ya ajiye, ya ce in ba kaji. Da na ba Rifkatu labari ta yi dariya har da riƙe ciki, ta biyo ni gida bayan an tashi ta nuna min. Ba a tafasa shi. Ruwan ake tafasawa, a sauke ya ɗan huce, a zuba a kan ganyen, a rufe da faranti don kada ƙamshin ya gudu, a bar shi gwargwadon ki share ɗaki ɗaya. Ɗanyen ganye kamar cikin tafin hannu ga kofi biyu, a ɗan murje shi kafin a zuba. Ta ƙara ganyen na'a-na'a kaɗan, da ɗan yankin citta kamar farce, da kanumfari ƙwaya ɗaya tak, in an tace a sa zuma rabin cokali. In ana son ajiya, a shanya ganyen a inuwa a cikin ɗaki, ba a rana ba, a zuba a kwalba a rufe.

Da ta buɗe farantin, ƙamshi ya cika tsakar gida har Yaya Abu ta leƙo daga ɗaki. Na kai wa Malam a zaure. Ya kurɓa, ya juya shi a baki irin na masu sani, ya ce wannan ruwan zafi ne da ya wuce ta kusa da lemo. Amma ya shanye.

Yaya Abu ba ta gamsu ba. A wajenta duk abin da ba shi da ɗaci ba magani ba ne, abin kwaɗayi ne. Ranar da na tafi makaranta na bar mata kwalbar busasshen haɗin, ta daka tazargade da ɓawon maɗaci ta juye a ciki ta girgiza, ba ta faɗa wa kowa ba. Da yamma na haɗa kamar kullum na miƙa masa. Kurɓa ɗaya ya yi ya fesar har kan tabarma, ya ce dama ya san ƙarshen bam fashewa ne. Na ɗanɗana, harshena ya kwana bai dawo ba. Yaya ta ce ai yanzu ne ya zama magani, mu ne ba mu san abin kirki ba. Aikin sati biyu na shanya haka na zubar. Kwana biyu bayan haka ta ce an yi haihuwa a Gwiwa, ta tafi. Na raka ta har bakin titi da kaina, don in tabbatar ta samu mota.

A sati na shida Malam ya warware. Ya fara fara'a, ya fara fita, ya ce yana zuwa duba gona don a shirya wa damina. Ya dawo yana raha, yana tsokanata, har ya yabi shayina ya ce in ƙara. Ni kuwa kaina ya kumbura. A makaranta na hana kowa sakat da labarin ganyen. Na ba matar hedimasta reshe, na ba mai gadi. Har na fara cewa da mun sani da ba mu sayar da tunkiya ba. Rifkatu ta ce in yi a hankali, ita dai ba ta taɓa cewa yana maganin hawan jini ba, na ce ai ita ba ta san darajar abin da ke hannunta ba. Ban taɓa tambayar kaina wace gona ake dubawa kullum a tsakiyar bazara ba, kuma ban taɓa tsayawa na ga ya haɗiye ƙwayar ba. Da safe na kan ji ya ce ya sha, in ce madalla.

Ranar wata Talata ina cikin aji aka ce ana sallama da ni. Na fito na ga Buba tsaye, hularsa a hannu. Ya ce Malam yana gidansa, haɓo ya ɓalle masa ya ƙi tsayawa, harshensa kuma ya yi nauyi. Ban san yadda na hau bayan babur ba. Na same shi a kan tabarma a jingine da bango, gaban rigarsa duk jini, ga buta a kan gawayi tana tafasa ba wanda ya tuna ya sauke ta. Ya ɗago ya kalle ni yana son magana, kalmar ta ƙi fita daidai. A motar da muka ɗauka zuwa Kazaure na riƙe hannunsa ina karanta duk abin da ya zo bakina, ina jin yatsunsa suna matse nawa, ina cewa a raina tunda yana matsewa da saura.

Aka ba shi gado, kwana uku. Allah ya taƙaita, kafin yamma maganarsa ta dawo. Likitar ta ce gargaɗi ne aka yi masa, ba kowa ake yi wa ba, wasu kai tsaye ɓarin jiki ke shanyewa. A nan gaskiya ta fito. Sati biyu ke nan kullum yana wajen Buba, shi ke riƙe da buta. Ƙwayar kuma ya daina tun da ya ji ina cewa ganye na aiki, ya ga to me zai sa a haɗa biyu. Da na koma gida ɗauko kaya na same su a cikin tsohon takalmin aikinsa, ya jera su a takarda tsaf, ko ɗaya bai yar ba.

Buba ya zo dubiya da ƙwaryar nono da zabi biyu, ya tsuguna a bakin gado ya ce shi ya cuce shi. Ya ce ranar farko da Malam ya zo, zama kawai ya yi yana kallonsu, shi kuma ya kasa shan abu amininsa na haɗiyar yawu, ya miƙa masa rabin kofi, daga nan abin ya zarce. Likitar ta shigo ta same mu mu uku, ta haɗa mu ta wanke tas, ba ta ɗaga murya ba. Malam ta ce masa ƙwayar nan shi da ita har iyakar rai. Buba ta ce masa in yana son abokinsa ya je ya zauna da shi, ba sai da buta ba. Ni kuma ta tambaye ni me ta ce min ranar da na kawo ganye. Na maimaita mata duka, har da rabin da na bari. Ta ce ashe na ji. Shekarata ashirin da shida ina tsayar da yara a gaban allo, ranar na san yadda suke ji.

Muka dawo gida ranar Juma'a. Kwana ukun nan ba wanda ya tuna da bokitin, yana tsakiyar gida rana ta gasa shi. Ganyen ya langaɓe, gefensa ya ƙone, saura 'yan rassa biyu masu ɗan kore. Na ce shi ke nan, dama shi ya jawo mana, na ɗauka zan kai bola. Malam yana kan tabarma an ce kada ya yi wani motsi mai ƙarfi, sai na ji ya ce in kawo ya gani. Ya tura yatsa cikin ƙasar, ya ɗaga bokitin ya leƙa gindinsa. Sai faɗa. Wa ya ce a shuka abu a bokitin da ba a huda ba. Wannan ƙasar laka ce, saiwa ba ta numfashi. Tsiron ƙasar sanyi kuma an ajiye shi a rana tsaka kamar gero. Shekara talatin yana koya wa mutanen ƙauye, ashe a cikin gidansa ake wannan ta'asa. Na tsaya ina saurare, daɗi kamar ya kashe ni.

Daga ranar ya karɓi jinyar tsiron, ni na ci gaba da tasa. Da safe in tsaya a kansa ya haɗiye ƙwaya ya buɗe baki in gani, shi kuma ya tashi ya tsaya a kan bokiti. Ya sa na samo yashi da tsohon takin akuya ya haɗa da kansa, ya huda gindin, ya datse duk abin da ya ƙone, ya mayar da shi inuwar bangon gabas kusa da randa inda ƙasa ke da sanyi. Ya yi masa rumfa da tsohon buhu. Cikin sati biyu sababbin ganye suka fito. Ya yanki rassa ya sa a kwalaben ruwa har suka yi saiwa, ya dasa. Kafin ruwan farko ya sauka muna da bokiti bakwai, kuma ba ni da izinin tsinkar ganye sai ya nuna min wanda zan tsinka.

Majalisa ta dawo gindin dalbejiya. Buba ne ya dawo da ita, ya ce ko a sha ko kada a sha, nan za a zauna. Aka yi sulhu, buta biyu. Tasu tana gefe can inda iska ke kwashe ƙamshin, an kuma rage ta zuwa sau ɗaya a rana, don labarin takalmin da haɓon ya tsorata kowa. Ta Malam tana gabansa. Yana tafasa ruwa, ya sauke, ya zuba ganye, ya rufe, ya hana kowa magana har ya jiƙu, sannan ya ɗaga hannu sama ya tsiyaya kamar da. Kumfa ba ta tashi, ko kaɗan, amma bai fasa ɗaga hannun ba. Buba ya kan karɓa ya sha ya ce ba laifi, in mutum ya rufe ido. Biyu daga cikinsu sun je an auna su, ɗaya an same shi da irin ciwon.

Komawarmu asibiti ta ƙarshe, nas ta auna sau ɗaya ta rubuta ba ta tashi neman wata na'ura ba. Malam ya shiga wajen likitar rungume da bokiti, ya ajiye mata a kan tebur a kan takardunta. Ta yi godiya. Ya ce ba godiya ya zo karɓa ba, ta ɗauko biro. Ya sa ta rubuta inda za ta ajiye shi da yawan ruwan da za ta ba shi da ranar da za ta fara tsinka, ya karɓi takardar ya duba ya gyara mata wuri ɗaya. Mutanen layi suna ta leƙe suna cewa lallai ciwon wannan tsoho babba ne.

Abin da zan ce wa mai karatu kaɗan ne. In babba ya fara faɗuwar gaba da zafin rai ba dalili, a kai shi a auna kafin a jiƙa komai. In likita ta yi magana a ɗauko ta duka. Ganyen nan yana da daɗi, yana sanyaya rai, muna shansa kullum, amma ƙwayar tana nan a kan taga inda kowa ke ganinta, ni ke ɓallo ta da hannuna. Kuma in an hana mutum abin da ya saba, a duba a ga su wa aka raba shi da su tare da abin.

Ranar Asabar da ta wuce na gama wanki na zauna a bakin ƙofar ɗaki, bayana kamar zai tsage. Ban san na rufe ido ba sai da na ji an ajiye abu a gabana. Kofi ne a kan faranti, an rufe shi da wani farantin. Tun da aka kawo ni gidan nan Malam bai taɓa miƙo min ko ruwan randa ba. Ya zauna a gefe yana kallon bokitansa, ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Sha. Ke ma ai kin yi ciwon, ba wanda ya kai ki asibiti ne kawai."

Na buɗe na sha. Citta ta yi yawa har sai da idona ya kawo ruwa, zumar kuma ya manta da ita gaba ɗaya. Ya tambaye ni yaya. Na ce ban taɓa shan irinsa ba. Na shanye tas, na kife kofin, da ya fita sallar la'asar na tashi na ɓoye rabin cittar.